Atisayen Sigar -te iru a Japananci: Tsakanin Aikin da Ke Gudana da Halin da Ya Wanzu

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci sigar -te iru ta Japananci ta fuskar koyo da atisaye. Ta nuna cewa laƙaba wa sigar sunan "lokaci mai ci" yana ɓoye rabin aikinta, domin ma'anarta tana rataye ne a wuyan aikatau ɗin da ta hau. An kwatanta sigar da tsarin Hausa, inda ake bambanta "yana zama" da "yana zaune", sannan aka ba da shawarar irin atisayen da ya dace da ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko.

1.0 Gabatarwa

Tun a watannin farko na karatun Japananci ɗalibi yake haɗuwa da sigar -te iru, ko -te imasu a zancen ladabi. Ana gina ta ne da sigar -te ta aikatau, a biyo ta da iru, wanda asalinsa aikatau ne mai nuna kasancewar abu mai rai a wani wuri. Galibin ɗalibai sukan ɗauke ta a matsayin lokaci mai ci na Japananci, su yi gaba abinsu. Matsalar ba ta fitowa sai ranar da ɗalibi ya ci karo da jimlar mushi ga shinde iru, ya fassara ta da "ƙwaro yana mutuwa", alhali abin da Bajapane yake nufi shi ne ƙwaron a mace yake.

Manufar wannan takarda ita ce tabbatar da cewa wahalar -te iru ba a ƙirarta take ba, a ma'anarta take, don haka atisayen da ya tsaya ga sarrafa ƙira bai kai ga inda cutar take ba. Manufa ta biyu ita ce duba ko nahawun Hausa zai iya zama tsani ga Bahaushen da ke koyon wannan siga, da kuma wuraren da tsanin yake karyewa.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Duk wani nazari a kan wannan siga yakan fara ne daga Kindaichi Haruhiko, wanda a 1950 ya kasa aikatau na Japananci gida huɗu, yana amfani da -te iru a matsayin ma'auni. Rukuni na farko shi ne aikatau na hali, irin su aru da iru, waɗanda ba sa karɓar sigar sam. Na biyu aikatau masu ɗorewa, irin su yomu "karanta" da kaku "rubuta", waɗanda suke ba da ma'anar aikin da ke gudana. Na uku aikatau na nan-take, irin su shinu "mutu" da kieru "ɓace", waɗanda suke ba da ma'anar halin da ya biyo bayan aiki. Rukuni na huɗu kuwa bai ma raɗa masa sunan kirki ba, "rukuni na huɗu" kawai ya kira shi. A ciki akwai sobieru, da ake faɗa wa dutse mai tsawo da ya yi ƙerere, da sugureru "yi fice", waɗanda a ƙarshen jimla kusan kullum da -te iru suke zuwa. Abin lura ne cewa wannan rabe-rabe ya riga na Zeno Vendler, wanda ya fito a 1957 a kan aikatau na Ingilishi, da shekara bakwai, duk da cewa na Vendler ne ya fi yin suna a duniya.

A 1977 Okuda Yasuo ya soki dogaron Kindaichi a kan tsawon lokacin aiki. A ganinsa, abin da ke yanke hukunci shi ne ko aikatau yana nuna motsin aikau ko kuwa sauyin da ya sami aikau. Hujjarsa tana da ƙarfi. Aikatau futoru "yi ƙiba" ba na nan-take ba ne, domin ba a yin ƙiba a dare ɗaya, amma futotte iru yana nufin mutum mai ƙiba ne, ba wai ƙibar tana kan hauhawa ba. Wannan takarda ta bi ra'ayin Okuda, domin shi ya fi sauƙin mayarwa tambayar da ɗalibi zai iya yi wa kansa. Daga baya Kudo Mayumi, a littafinta na 1995, ta faɗaɗa nazarin zuwa ga yadda sigar take aiki a cikin dogon zance, tare da kwatanta daidaitaccen Japananci da karin harshen Uwajima na tsibirin Shikoku.

Ta ɓangaren koyon harshe na biyu, Shirai Yasuhiro da Kurono Atsuko sun nuna a 1998 cewa masu koyon Japananci sukan alaƙanta -te iru da aikatau na motsi, ma'anar hali kuma takan ba su wuya. A 2007 Sugaya Natsue da Shirai suka kwatanta masu jin Ingilishi da masu jin Jamusanci da harsunan dangin Rashanci, inda sakamakon ya nuna harshen uwa yana da tasiri, amma ba shi kaɗai ba ne mai tasirin. A nahawun Hausa kuwa, bayanin lokaci mai ci da na kalmomin yanayi irin su "zaune" da "tsaye" ya zo dalla-dalla a ayyukan Paul Newman na 2000 da Philip Jaggar na 2001.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatancen harsuna biyu. An duba jerin darussan -te iru a littattafan koyarwa guda biyu da suka fi yaɗuwa a matakin farko, wato Minna no Nihongo, wanda ya fara fitowa a 1998, da Genki, wanda ya fito a 1999. Jimlolin misali an tsara su ne musamman don wannan nazari, an kuma rubuta Japanancin da baƙaƙen boko bisa tsarin Hepburn. Kalmar "yanayin aiki" a wannan takarda tana nufin yadda mai magana yake kallon aiki, ko daga cikinsa ko daga bayansa, saɓanin "lokaci" da ke nuna jiya ko yau ko gobe.

4.0 Nazari

4.1 Ƙirar sigar

Ƙa'idojin ƙira kaɗan ne. Aikatau masu ƙarewa da -u, -tsu, -ru na rukunin godan sukan koma -tte, kamar matsu, matte. Masu -mu, -bu, -nu sukan koma -nde, kamar yomu, yonde. Masu -ku da -gu sukan koma -ite da -ide, masu -su kuma -shite. Rukunin ichidan yakan yar da -ru ya ɗauki -te. Sai guda uku da ake hardacewa: iku, itte, suru, shite, kuru, kite. A hirar yau da kullum wasalin i yakan faɗi, a ji yonderu maimakon yonde iru. Wannan duka aikin harda ne, kuma ɗalibi mai himma yakan gama da shi da wuri.

4.2 Siga ɗaya, ma'anoni biyu na tushe

Dubi waɗannan jimloli:

(1) Kodomo ga hon o yonde iru. "Yaro yana karanta littafi."
(2) Ame ga futte iru. "Ana ruwa."
(3) Mado ga aite iru. "Taga a buɗe take."
(4) Denki ga tsuite iru. "Fitila tana kunne."

A (1) da (2) mai magana yana tsakiyar aikin. A (3) da (4) aikin ya wuce, abin da ake gani shi ne halin da ya bari. Babu wani ɗafi ko harafi da ya bambanta su, aikatau ne kaɗai ya raba gardama. Abin da ya haɗa ma'anonin biyu shi ne wanzuwa: a ɗaya motsi ne yake wanzuwa, a ɗaya kuma sakamako. Saboda haka kiran sigar "lokaci mai ci" kuskure ne har ta fuska biyu, domin ba lokaci take nunawa ba, tunda ana iya mayar da ita baya a ce yonde ita "yana karatu a lokacin", sannan ba kullum aikin yake ci ba.

Cewa ma'anonin biyu ne na gaskiya, ba ƙirƙirar manazarta ba ce, karin harsunan yammacin Japan sun shaida. A yankuna da dama na Chugoku da Shikoku da Kyushu ana amfani da -yoru ga aikin da ke gudana, -toru kuma ga halin da ya biyo baya. Ochiyoru na nufin abu yana kan faɗowa, ochitoru kuma ya faɗo yana ƙasa. Daidaitaccen Japananci, wanda aka gina a kan karin Tokyo, shi ne ya zuba su a tukunya ɗaya.

Akwai kuma aikatau masu fuska biyu, musamman na sutura. Kimono o kite iru yana iya nufin tana sanye da kimono, yana kuma iya nufin tana cikin sa shi, gwargwadon muhallin zance. Ma'anar farko ce ta fi yawa. Idan ana son ta biyu ba tare da ruɗani ba, sai a ce kite iru tokoro da.

4.3 Yadda littattafan koyarwa suka jera darasin

Minna no Nihongo ya warwatsa sigar a darussa da dama. Darasi na 14 ya kawo aikin da ke gudana. Na 15 ya kawo irin su kekkon shite imasu "yana da aure" da sunde imasu "yana zaune a wuri" da shitte imasu "ya sani". Ma'anar sabo ta zo a na 28, halin da ya biyo bayan sauyi ya zo a na 29, sai -te arimasu a na 30. Wato tsakanin farkon haɗuwar ɗalibi da sigar da ranar da za a nuna masa taga a buɗe akwai darussa goma sha biyar, kuma a wannan tsakanin ma'anar farko ta riga ta kafu a ransa. Genki ya kawo ma'anonin biyu tare a darasi na 7, bayan ya koyar da sigar -te a na 6. Tsarin Genki ya fi kusa da gaskiyar harshen, ko da yake ya fi ɗora wa ɗalibi nauyi a zama ɗaya.

4.4 Abin da Bahaushe ya riga ya mallaka

Nan ne kwatancen ya fi armashi. Ɗalibin da ya shiga Japananci ta ƙofar Ingilishi, kamar yadda akasarin ɗaliban Nijeriya da Ghana za su shiga saboda harshen bayanin littattafan, yakan ɗaure -te iru da lokaci mai ci na Ingilishi. Amma Hausa tana da abin da ya fi wannan dacewa. Wakilin suna na lokaci mai ci, wato "ina, kana, yana, tana", yana iya ɗaukar sunan aiki, yana kuma iya ɗaukar kalmar yanayi mai ƙarewa da -e:

(5) Yana zama. / Yana zaune.
(6) Yana sa riga. / Yana sanye da riga.
(7) Yana buɗe ƙofa. / Ƙofa tana buɗe.

Ke nan a Hausa ma ginshiƙi ɗaya ne yake ɗaukar motsi da hali, sai dai Hausa tana sauya sigar kalmar da ta biyo baya, Japananci kuwa ba ya sauyawa. A (7) rubutun boko ya ɓoye bambancin, domin "buɗe" na farko karin sama da ƙasa gare shi, na biyu kuma ƙasa da sama, amma kunnen Bahaushe ba ya rikita su. Da wannan, jerin jimlolin da ke wahalar da wasu ɗalibai sai su faɗo daidai: suwatte iru "yana zaune", tatte iru "yana tsaye", motte iru "yana riƙe da", doa ga shimatte iru "ƙofa tana rufe". Har ma Tokyo ni sunde iru yana da takwara kai tsaye a "yana zaune a Tokyo", inda harsunan biyu suka ɗauki mazauni a matsayin hali mai wanzuwa.

Akwai wata kamanceceniya ta asali. Iru aikatau ne na kasancewa a wuri, kuma "yana" na Hausa shi ma yana nuna wuri, kamar a "yana gida". Joan Bybee da abokan aikinta sun nuna a 1994 cewa harsunan duniya da yawa daga kalmomin wuri suke samo sigar aikin da ke gudana, don haka wannan dacewa ba ta nuna wata dangantaka tsakanin Hausa da Japananci, hanya ce da harsuna suka saba bi.

Ma'anar sabo ma ba baƙuwa ba ce. Maiasa hashitte iru daidai yake da "yana gudu kowace safiya", ginko de hataraite iru kuma "yana aiki a banki". A nan ɗalibi ba ya bukatar dogon bayani.

4.5 Inda kwatancen yake yaudara

Hausa ba ta bayyana kowane hali da kalmar yanayi. Sau da yawa shuɗaɗɗen lokaci take amfani da shi: "na gaji", "ya lalace", "na sani", "ta bushe". Japananci a waɗannan wurare -te iru yake so idan ana bayyana halin da ake ciki: tsukarete iru, kowarete iru, shitte iru, kawaite iru. Bahaushen da ya bi harshensa zai ce kowaremashita a inda ake tambayarsa halin da agogo yake ciki. Jimlar ba karyayya ba ce, amma tana ba da labarin aukuwar lalacewar ne, ba halin agogon ba. Shirimashita a madadin shitte imasu kuwa kuskure ne ƙarara idan ana nufin "na sani".

Tarko mafi hatsari yana wurin aikatau na tafiya. "Yana zuwa" a Hausa na nufin yana kan hanya. Amma kite iru na aikatau kuru "zo" na nufin ya zo, yana nan. Haka chichi wa Osaka ni itte iru ba ya nufin baba yana hanyar Osaka, yana nufin ya tafi, kuma yana can har yanzu. Kaette iru ma ya koma gida ke nan, yana ciki. Japananci yana ɗaukar waɗannan aikatau a matsayin sauyin wuri, ba motsin tafiya ba, kuma idan ana son a ce mutum yana kan hanya sai a nemi wani aikatau kamar mukatte iru. A nan Hausa da Ingilishi duka wuri ɗaya suke tura ɗalibi, kuma wurin ba daidai ba ne.

Sai batun aikatau so-karɓau da ƙi-karɓau, waɗanda a Japananci sukan zo tagwaye: akeru da aku, shimeru da shimaru, tsukeru da tsuku, kesu da kieru. Mado o akete iru yawanci "yana buɗe taga" ne, mado ga aite iru "taga tana buɗe", mado ga akete aru kuma an buɗe ta an bar ta da gangan. Ɗalibin da bai riƙe tagwayen ba, ko ya gane ma'anar hali ba zai iya furta ta ba.

4.6 Atisayen da ya dace

Daga abin da ya gabata, atisayen cike gurbi, inda ake ba ɗalibi yomu ya mayar da shi yonde imasu, amfaninsa ya ƙare a mako na farko ko na biyu. Yana horar da harshe ne, ba ya horar da hukunci. Abin da ake bukata shi ne atisayen da zai tilasta wa ɗalibi zaɓen ma'ana.

Mafi inganci shi ne na hotuna uku a jere: kafin aiki, tsakiyar aiki, bayan aiki. A ba ɗalibi jimla, ya nuna hoton da ta dace da shi. Ga tabete iru hoton tsakiya ne, ga ochite iru kuma na ƙarshe. Kyawun wannan atisaye shi ne ba ya bi ta fassara, kuma kuskure yana bayyana nan take. Malamin da ɗalibansa Hausawa ne zai iya ƙara mataki ɗaya, ya sa su yi wa kowane sabon aikatau tambayar Okuda cikin harshensu: shin aikau motsi yake yi, ko sauyawa ya yi? Idan sauyawa ya yi, to -te iru ɗinsa irin "zaune" ne ko irin "ya lalace", ba irin "yana zama" ba.

Atisaye na biyu shi ne bayyana wuri maras motsi, kamar ɗakin da aka bari a hargitse: fitila a kunne, kofi a fashe, taga a buɗe, jaka a ƙasa. Tunda babu mai yin komai a hoton, ma'anar aiki mai gudana ba ta da wurin shiga, dole ɗalibi ya nemo aikatau ƙi-karɓau. Bayyana kamannin mutum, kamar wanda ake cigiya a tashar jirgi, shi ma yana fito da megane o kakete iru "yana sanye da tabarau" da boshi o kabutte iru "yana sanye da hula" ba tare da tilas ba.

Aikatau na tafiya suna bukatar atisaye nasu na dabam, kuma tambayar "yanzu yana ina?" ta wadatar. A karanta wa ɗalibi Yamada-san wa ginko ni itte imasu, a tambaye shi inda Yamada yake. Idan ya ce a hanya, an gano inda gyara yake. Kalmomi irin su sunde iru, shitte iru, motte iru da nite iru "ya yi kama da" kuwa, gara a koyar da su a dunƙule tun farko, kamar yadda darasi na 15 na Minna no Nihongo ya yi da wasunsu, domin a wannan siga ɗalibi zai fi jin su a bakin mutane.

4.7 Korewa da ma'anar tarihi

Korewar sigar ita ce -te inai, kuma tana da wani aiki da ake yawan mantawa. Amsar "ka ci abinci?" idan ba a ci ba tukuna ita ce mada tabete imasen, ba tabemasen deshita ba, domin ta biyun tana rufe maganar a baya kamar damar ta wuce. Genki ya kawo wannan a darasi na 9, Minna no Nihongo a na 31. Hausa a nan shuɗaɗɗen lokaci take korewa, "ban ci ba tukuna", don haka ɗalibi zai karkata ga sigar da ba ita ba. Aikatau shiru "sani" kuma ya saɓa wa ƙa'ida: ana cewa shitte imasu, amma korewarsa shirimasen ce.

A mataki na gaba akwai amfani da sigar wajen kawo abin da ya auku a matsayin bayanin da ke rubuce, kamar a ce Natsume Soseki wa 1900-nen ni Igirisu ni ryugaku shite iru, wato marubucin ya tafi karatu Ingila a 1900. Wannan salo ya fi yawa a rubutun tarihi da rahotanni, kuma ya kamata a jinkirta shi har sai ma'anonin tushe sun zauna.

Kwatancen da aka yi a 4.4 da 4.5 yana haifar da hasashen da za a iya gwadawa da irin jarrabawar hotuna da ta hukuncin jimla da Sugaya da Shirai suka yi amfani da su. Ana sa ran ɗalibai Hausawa su yi nasara da wuri a aikatau na zama da tsayuwa da sutura da buɗewa da rufewa, inda harshensu yake da kalmar yanayi, kurakuransu kuma su taru a iku, kuru da kaeru, da kuma aikatau irin su kowareru da tsukareru, inda Hausa take amfani da shuɗaɗɗen lokaci.